Rasuwar Alhaji Ƙasimu Na'Allah da Cigiyar Masu Lambobi Shida

Cikin alhini da ɓacin ran da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Ma'aikatan Ɗakin Awon Jini, reshen Sakkwato, ta sami labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Babban Jami'in Awo, Alhaji Ƙasimu Na'Allah Gidan Dahala, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi, yana da shekara hamsin da takwas, bayan doguwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayi ya yi shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, tun zamanin da ake dafa allura a kan risho, kuma babu ɗaya daga cikinmu da bai sha faɗansa a kan wanke kwalba ba. A 'yan shekarun nan ya mai da hankali ga sankarar da ke kama wani ɗan ƙullutu a ƙasan mafitsarar maza, wadda kan fara da wahalar fitsari, dattawanmu kuma su yi ta ɓoyonta saboda kunya har sai ta kwantar da su. Shi ya fara gaya mana cewa akwai wani furotin da ake aunawa a jini, wanda idan ya yi yawa yakan nuna cutar ta soma bazuwa, likita ya san wanda za a yi wa gaggawa.

Samun jinin shi ne aiki. Alhaji ya bi 'yan hatsi da dukawa rumfa rumfa, ya shiga Unguwar Rogo, ya je Dundaye wajen manoma, amma ba wanda ya yarda a rubuta sunansa a kan irin wannan lalura, yara su karanta. Sai ya sa aka yanka masa 'yan guntayen jar fata, aka buga wa kowanne lamba, duk wanda ya ba da jini ya karɓi nasa ya tafi, kwalba kuma ta ɗauki lambar. Da muka roƙe shi ya ajiye sunayen ko a aljihun tebur ne, cewa ya yi: "Sunan dattijo amana ta, ba ni aza shi ga takarda." Mutum tamanin da huɗu suka amince masa. Ya zuba jinin a ƙanƙara, ya kai shi da hannunsa babban ɗakin awo a Kudu, domin zafi na lalata abin da ake nema.

Sakamakon ya iso garin nan cikin mako uku. Muna da ambulan, hatimin ranar yana jiki. Amma da yake ƙa'ida ce wasiƙa irin wannan ta bi ta wani ofishi kafin ta zo hannunmu, a can ta kwanta wata goma sha ɗaya. Sau tara marigayi yana zuwa nema, na ƙarshe har sai da ɗansa Tukur ya riƙe shi ya hau matakala, kullum a ce Ranka-ya-daɗe mai ofishin yana taron rabon sababbin motoci, ko ya tafi duba ginin da za a buɗe, a dawo jibi. Ba neman ta aka yi aka gano ta ba. Shekaranjiya ne, da aka zo fitar da tsohon tebur don a shigo da sabo ɗan ƙasar waje, leburori suka tsince ta a bayan aljihu, ko buɗe ta ba a yi ba.

Mun san ajali na Allah ne, ba mu ja da wannan ba. Sakaci kuwa na mutum ne, kuma ba za mu kira shi ƙaddara don a ji daɗinmu ba. Ana ta gaya mana ƙasa ta yi arziki, to me arzikin ya tsinana, in an rasa mai miƙa ambulan daga ɗaki zuwa ɗaki? Wasiƙar ta'aziyyar da ofishin nan ya aiko mana, wadda ta iso cikin yini ɗaya, mun mayar masa da abarsa, kuma muna neman hukuma ta binciki wanda ya yi wannan ta faɗi sunansa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maiɗakinsa Hajiya Sakinatu, da 'ya'yansa Malam Tukur da Malama Bara'atu, da dukkan zuri'ar Na'Allah. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, mu ma Ya sanyaya mana zukata.

Sai abin da ba zai jira ba. Mun buɗe ambulan, mun tarar da lambobi bakwai da furotin ɗin ya haura kima, kuma wanda ya san masu su yana kabari. Muna roƙon limamai da sarakunan kasuwa da masu unguwanni su sanar: duk mai riƙe da fata mai lamba 9, 17, 23, 40, 58 ko 71, ya zo ɗakin awo a makon nan. Fatar kawai zai nuna, ba mai tambayar sunansa, kuma namiji babba ne zai gan shi. In mai lambar ya riga mu gidan gaskiya, iyalinsa su kawo mana ita mu daina nema.

Ta bakwai, lamba 1, ba ma cigiyarta. Hajiya Sakinatu ta kawo mana ita jiya, a aljihun rigar Alhaji ta same ta.

Siddiƙu Maccido Dundaye
Sakataren Watsa Labarai
A madadin Shugaba da 'yan Ƙungiya
Sakkwato, 17 ga Nuwamba, 1977