Baba Ya Maƙale a Nijar

Yaya Ummaru,

Na zo kana barci, ban tashe ka ba. Ka tuna ɗan irin nan mai sheƙi da ka kawo daga Maraɗi, wanda mai kantin magani ya ce sunansa "lan", na maganin bushewar ciki, cokali ɗaya ake sha a koko? Baba ya ce shi ba jariri ba ne. Ya jiƙa rabin kwano, ya yi yauƙi kamar kuɓewa, ya shanye tas, ya tafi teburinsa na fetur a bakin iyaka.

Da hantsi cikinsa ya murɗa. Kurmin da ya fi kusa kuwa yana ɓangaren Nijar. Sau biyar yana ƙetarawa da buta. A na shida jandarma suka tsare shi, suka ce duk mai shiga ƙasarsu haka a gurguje fatauci yake yi, sai ya nuna kaya da takarda.

Na tafi kai masa katinsa na shaida da wani wandon. Don Allah ka ɓoye sauran irin, don ya aiko wai a ƙaro masa. Ya ce rabonsa da gudu irin na yau tun zamanin Turawa.

Arzika