Ɗakin Inna Da Ka Bari Ba Rufi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Sale.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce ƙanwarka Hansatu. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma maganar ɗakin Inna ta cika mini ciki, kuma kai ka fara ginin.

Ka tuna dariyar da muka sha yi maka? Kowa a Nasarawan Doya ya san in an matse rake za a dafa mazarƙwaila, tukar da ta rage wuta ake izawa da ita. Kai kuwa da ka dawo daga koyon sana'a a Zariya, sai ka riƙa cusa ta a duro kana rufewa, ta ci a hankali har ta zama gawayi. Ka dake shi, ka kwaɓa da jar ƙasa, ka buga tubali baƙi ƙirin. Ni na fi kowa tsiya. Na ce ko ɗakin girki sai ya shekara yake wannan baƙin, kai kuma da shi ka fara.

Ba ka ji haushi ba. Cewa ka yi, "Bangon nan zai sha rana ya riƙe ɗuminta, Inna ta huta da kaskon garwashi." Ka fi kowa sanin yadda sanyi ke kama mata gwiwa, hayaƙin kaskon kuma ya bar ta da tari.

Ka gama bango, ka yaɓe shi da hannunka. Saura rufi zazzaɓin nan ya kwantar da kai, ba ka tashi ba.

Bayan sadakar arba'in muka kira magini. Ya ce sai ya kankare saman bango kafin ya ɗora azara. Inna ta dubi sawun yatsunka a jikin yaɓen, ta ce, "Duk wanda ya taɓa bangon nan, ban yafe ba." To wa zai ɗauki bakin uwa? Magini ya saɓa kayansa ya tafi. Kawu ya taso takanas daga Kudan, bai ci nasara ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce mata ginin ƙasa ba rufi ba ya jure damina. Ko kallona ba ta yi ba.

Ruwan farko da la'asar ya sauko. Yaya, da ka ga tsohuwar nan da tabarma da buhunan taki tana neman lulluɓe bango, hannunta bai ko kai rabinsa ba. Baƙin ruwa ya malale tsakar gida. Yaɓen gabas ya zame gaba ɗaya a kan idonta. Na janye ta ciki tana rawar sanyi, ni ma kukan nake.

Washegari ta ce, "Kira magini, na janye maganata. Ai ba don in zauna ina kallo yaron nan ya gina ba."

An rufa. Gabas ɗin da jar ƙasa zalla aka cike, don ba wanda ya san haɗinka. Ɗakin yanzu launi biyu ne, kuma wallahi ba kyau, gara in faɗa maka.

Sanyin bana ya shigo da ƙarfi. Na je gaishe ta da safe na tarar ta kwana a ɗakin ba wuta, ba tari. Na tambaye ta yaya sanyi. Ka dai san kai ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunanka ba, kullum "yaron nan". Ranar sai ta ce, "Sale ya yi gaskiya," ta juya fuska. Na yi baƙin cikin ni na ji, ba kai ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci, Ya sa duk barcin da Inna ta samu a ɗakin nan ya zame maka lada. Mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.

Ƙanwarka mai tsiya,
Hansatu