Nawa Ne Ni Kaɗai

Zuwa ga ƙanwata 'Maliepollo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da tumaki. Ni dai ina tsare a wannan tsallaken kogin. An kama ni a gadar iyaka da ƙullin wiwi cikin bargona, ina hanyar komawa gonar Baturen da nake wa sausayar ulu.

Lauyan gwamnati, wani yaro mai siririn wuya, ya yi mini bayani. Wanda ya riƙe don kansa, tara ce da gargaɗi. Wanda ya ba wani, ko kyauta ce, ko ɗan tsunkule ne, doka ta kira shi dillali, kuma dillali shekara biyar ne, alƙali ba shi da ikon ragewa. Ya ce in na shiga kotu in ce nawa ne ni kaɗai.

Tun da ya tafi nake tuna Inna. Kin tuna yadda take shuka wiwi tsakanin masara a bayan garke? In ƙanƙara ta rufe duwatsu, tari ya shiga gari, sai ta dafa a baƙar tukunyar nan ta aike mu gida-gida da ƙoƙo. Ashe mu 'yan dillaliya ne ba mu sani ba.

Ina kewar hayaƙin ɗakinmu ƙwarai.

Yayanki, Sekhonyana

*

Yaya Sekhonyana,

Muna lafiya. Wasiƙarka ta zo, ban ga abin dariya a cikinta ba.

Ka haura sittin, gwiwoyinka sun gama aiki. In suka ba ka shekara biyar a kan siminti, gawarka za a miƙo mana ta gadar nan. Ka faɗi abin da lauyan ya ce. Rowar wuni ɗaya ba ta kisa, kuma ka iya ta. Wa ya ɓoye busasshen fic, ɗan itacen nan mai zaƙi, a cikin rufin ɗaki muna yara, yana ci ina kallo ina kuka? Ka nemo wancan yaron mai rowa ka tafi da shi kotu.

Itatuwan fic ɗin Inna sun tsufa, bana ɗaya kawai ya yi fure. Rufin ɗakinka na yoyo, na ƙi bari kowa ya taɓa, kai nake jira.

Ka huta lafiya.

'Maliepollo

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Na faɗa, wallahi na faɗa. Sau biyu na ce nawa ne ni kaɗai, har lauya yana gyaɗa kai. Sai mai gabatar da ƙara ya dubi bencin baya. Ntate Phafoli ne zaune, tsohon da muke kwana ɗaki ɗaya a gona, ya tako a ƙasa don ya gan ni, yana ta tari cikin hularsa.

Mai gabatar da ƙara ya ce mini, "Baba, wancan abokinka ne? In ƙirji ya shaƙe shi ya roƙe ka, hana shi kake yi?"

Na ce, "Ɗan wa ka ɗauke ni? A gidanmu ba a jira sai an roƙa."

Tafinta ɗan ƙasarmu ne. Bai fassara ba, ya yi gyaran murya ya ce mini, "Ntate, babana, ban ji ba, sake faɗa a hankali." Na gane ƙofa ya buɗe mini. Na dubi Phafoli, na sake faɗa, da ƙarfi ma.

Shekara biyar. Alƙalin bai iya kallona ba da yake karantawa.

Ki sa a gyara rufin. Ki yafe mini.

Yayanki

*

Yaya,

Kai wawa ne, kuma na je kabarin Inna na gaya mata. Na yi kuka, na kuma san da tana nan da ta yanka maka kaza.

Na binne ƙwallayen fic a bayan ɗakinka. Kafin ka fito sun fara 'ya'ya. Ka rufe ƙirjinka da bargo, ka ci duk abin da aka ba ka.

Kada ka bari in ci fic ɗin nan ni kaɗai.

'Maliepollo