Wurin da Ka Liƙe Kaset da Jan Farce

Zuwa ga Yayana Sabi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a duk inda kake, tunda ka ga dama ka bar mu da zato.

Ka tuna kaset ɗin Turawan nan masu jita da ganga, wanda kake sawa a motarka daga Rano zuwa Kano? Ranar kasuwar Kibiya mai tura waƙoƙi a waya ya kira ni, wai masu shi sun wanke shi, sun sake fito da shi tas. Ya toshe mini kunne da abin ji. Wallahi Yaya, har jan numfashin mawaƙin na ji, har ƙarar yatsa a kan tsirkiya.

Sai muka zo waƙa ta uku.

Ka san wurin. Inda rediyo ya tauna zaren, ka yanke da reza, ka liƙe da jan farcen Anti Ladi, kana cewa, "Abin da ya tafi ya tafi, direba ba ya kallon baya." Tun ina yaro waƙar tsalle take yi a nan, bakina ma tsalle yake yi. To, wannan ba ta yi ba. Ashe baiti guda ne cur a wurin, ban taɓa jin sa ba. Na tsaya a tsakiyar kasuwa kamar an kwaɗa mini mari.

Ga abin da ya hana ni zama. Kawu Ilu ya ce shekarun ɓatanka sun isa, ranar Juma'a za a yi maka addu'a a raba kayanka. Na ce wa ya ga gawa? Ya ce ba ni da kunya. Eh, ba ni da ita. Inna kuwa tana dai ta goge rediyonka da bakin zane.

Su Kawu so suke su yanke ka, su liƙe, gida ya ci gaba da juyawa. Ni kuwa na ji da kunnena, abin da aka yanke yana dawowa.

Kaset ɗin yana aljihuna, ba mai raba shi. Baitin ma ban ƙara saurara ba, na ajiye mana.

Allah Ya kai maka wannan kafin Juma'a. In kana raye, Ya juyo da kai gida. In kuwa Kawu ne da gaskiya, Allah Ya sa ka huta, ni kuma Ya sanyaya mini baki.

Ƙaninka mai tsiwa,
Nafi'u