Takalmin da Ka Aiko wa Babanka

Zuwa ga ɗana Lumbani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Tiwonge da jikana Wongani. Allah ya tsare ku da sanyin birnin Joni da 'yan tare hanyarta, ya sa albarka a neman da ya kai ka can. Mu nan Mzuzu sai godiya. Ruwa ya sauka sosai, masara ta kai gwiwa, ƙanwarka Temwa ta koma makaranta. Ni kuma ga ni nan da ciwon bayan nan nawa, mun saba da juna.

Saƙon da ka ba direban motar Joni ya iso, bargon ya yi mini daidai, Allah ya yi maka albarka. Maganar takalmin babanka ce ta sa na zauna rubutu, kuma wallahi na gaji kafin in fara. Takalmi dai ya yi kyau, baƙi wuluk, yana sheƙi, ga baki tsini kamar na kifi. Sai dai lambar da ka saya ta shekarun baya ce, kafin ciwon suga ya kama shi. Yanzu in yamma ta yi ƙafar nan kumbura take yi. Ka kuma san mutanenmu: abin da ɗa ya aiko daga Joni ba a ajiye shi a akwati, sai gari ya gani. Da shi yake hawa tudun nan zuwa makarantar da yake riƙe musu sito, da shi yake zuwa coci, ranar Asabar ma da shi ya je duba gona. Duk wanda ya gaishe shi sai ya miƙa ƙafa gaba, wai Lumbani ne ya aiko.

Ba ya jin zafi, ciwon ya kashe masa jin ƙafa. Ni na ga jini a safarsa wajen wanki, na duba na tarar ƙaramin yatsa ya saɓule. Da ƙyar na ja shi asibiti. Nas ɗin ta wanke, ta ɗaure, ta ce in yatsan ya yi baƙi yanke shi za a yi, kuma wuƙa ba kullum take tsayawa a yatsa ba. Kan hanyar gida yana ta mita, wai yarinyar da ya girmi ubanta ce za ta koya masa sa takalmi. Da na sa baki, ya ce ni da na tsufa cikin silifa me na sani, in dai kishi nake don bargo kawai na samu in fito fili in faɗa. Na ɓoye takalmin a buhun masara, ya tono shi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, yanzu bakina ya mutu.

Ga abin da nas ta ce a nema: mai faɗin baki, fata mai laushi, mai igiya don a sassauta in ƙafa ta hau, ƙasansa na roba saboda santsin damina. In ka samu mai launin ruwan ƙasa ya fi, zai shiga wurin aiki, zai shiga gidan biki. Na zana ƙafarsa a kwali da yamma tana kumbure, ga shi nan cikin ambulan. Ka je da shi kanti, ka bar faɗin babban yatsanka a gaba. Amma kafin nan ka kira shi, ɗana. Kada ka ce ni na faɗa. Ka ce kuskure ka yi, na wani ne, ya ajiye maka. Kai ka sa masa takalmin nan, kai kaɗai za ka iya cire masa. Ranar Lahadi shi zai yi karatu a gaban jama'a a coci, jiya ma na same shi a bakin ƙofa, ƙafa naɗe da bandeji, yana ta goge takalmin.

Ka gaishe mini da Tiwonge, ka shafa kan Wongani. Temwa da kawunka Chawanangwa suna gaishe ku. In ka buɗe kwalin ka ƙirga, yatsu biyar na zana. Ka taimake ni su zauna biyar.

Mahaifiyarka,
NyaGondwe