Ƙyallen Rawaya a Kan Masallaci

Litinin, 3 ga Yuni
Damina ta sauka. Ba na jin ruwan, tun zazzaɓin da ya tafi da kunnuwana ina yarinya, amma rawar kwanon ɗaki tana zuwa min har tafin ƙafa. Yaya Rachidi ya sake zuwa. A leɓensa na tsinci: "Calavi... gidana... ke kaɗai... ambaliya." So yake in koma wurinsa a garin Calavi, ni ba na so. Keken ɗinkina na nan Zongo, masu kawo min ɗinki ma nan suke.

Asabar, 8 ga Yuni
Na ɗaga kai daga ɗinki, layinmu wayam. Babu mai koko, babu 'yan zem masu haya da babur, sai wata akuya tana kallona. Na fita ina tafiya kamar a mafarki, har na ɗan ji daɗi, wai unguwar duka tawa ce. Daga baya tsoro ya zo. Ashe gwajin gudun ambaliya aka yi, kowa ya tafi lakwal, makarantar unguwarmu. A lasifikar masallaci aka sanar. Lasifika fa! Maƙwabciyata Kaltoumi ta dawo ta gan ni, ta riƙe baki.

Lahadi, 9 ga Yuni
Na yi kuka. Allah ya sa Yaya bai ji labari ba.

Juma'a, 14 ga Yuni
Kaltoumi ta ja ni taron unguwa. Bakuna suna ta motsi kamar kifin kasuwar Tokpa. Da na gaji, na miƙe, na nuna kunnena, na nuna lasifika, na ɗaga ragowar ƙyalle rawaya sama. Shef katiye, mai unguwarmu, ya daɗe yana kallon ƙasa. An yarda a riƙa ɗaga ƙyallen a kan masallaci in ambaliya ta taho, kuma kowa ya sami abokin gudu. Ni aka haɗa ni da Malam Nourou makaho. Ba ya ganin hannuna, ba na jin muryarsa. Ikon Allah!

Talata, 25 ga Yuni
Da la'asar ƙyallen ya tashi, yana lilo cikin hadari. Na je na kama Malam. Ruwa har gwiwa, gajimare na yawo a cikinsa. Ni nake kautar da shi daga kwata, shi kuma in babur ya taho ta bayanmu sai ya matsa kafaɗata. Har lakwal yana magana, ina jin ta a hannunsa, ban san me ya ce ba.

Alhamis, 27 ga Yuni
Yaya ya zo da mota kwasar kayana. Na nuna masa sai bayan damina. Ba don komai ba, Malam bai san inda kwatocin suke ba ne.