Hoton Magen Zinariya

Saudatu,

Na dawo ba kya nan, na wuce gareji. Hoton jar magen maƙwabta na kai wa Obiefuna mai hoto a Fadaman Mada, ya mayar da ita fara irin wadda ta mutu, ta 'yarmu Zinariya. Awa uku yana bin gashin nan a kwamfuta, har bayana ya ƙage. Ta fito fara sol, amma idon ba nata ba ne. Yarinyar da ta raine ta da cokali ba za ta ruɗu ba.

Na gaji. In ta sake bugowa daga makaranta tana neman hoto, kada ki tura. Ranar ziyara zan faɗa mata mutuwar magen da bakina.

Mijinyawa